Gidan da Ba a Kuka

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Ishaku a bayan cocin ƙauyenmu, can gabas da Ɗambatta. Duk shekara nakan so in rubuta abin yabo a kansa. Bana kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Shi ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Wannan alkunya ce da muka gada, ba na jin haushinta. Abin da ke ci mini rai shi ne, bakin da ya ji nauyin kiran suna bai taɓa jin nauyin tsawa ba, balle hannu ya ji nauyin tsumagiya. Baba dattijon ikilisiya ne, kullum maganarsa ita ce, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akuya ta shiga gonar maƙwabci, duka. Kunyar gero ta karkace a huɗa, duka. Ga kuma dokarsa: in ka yi kuka, a sake sabon lale.

Ishaku kuwa ya koyi darasin nan fiye da kowa. Ya girma, ya yi aure, amma in Baba ya yi gyaran murya sai ka ga ƙaton mutum ya ƙanƙance. A coci har misali ake yi da shi, wai ga ɗa mai ladabi. Mu ma muna ta washe baki, kaico! Da ciwon ciki ya kama shi, haka ya yi ta noma da shi, ko matarsa bai gaya wa ba. Sai da ya faɗi a gona muka sa shi a motar Kano. Likita ya ce mun makara.

Ya bar ɗa guda, Iliya, yana goye a lokacin. Yanzu yana hannun ƙaninmu Markus, a gidan nan dai. Da na je gida makon jiya don addu'ar tunawa, na ga yaron yana ɗingishi yana ɓoyewa. Na kama shi na duba. Ashe fartanya ce ta sare shi a ƙafa tun kwanaki, wurin ya kumbura har yana wari.

"Iliya, me ya hana ka faɗa?"

"Goggo, Baffa zai ce garin wasa ne."

Da Ishaku zai leƙo yau, zai ga mun yi wa coci rufin kwano, yara na karatu, kowa da waya a hannu, amma tsumagiyar tana nan inda ya bar ta, hannu kawai ta sauya. Mun haddace ayar da ta yi maganar sanda, mun tsallake wadda ta gargaɗi iyaye kada su karya zuciyar 'ya'yansu. Muna koya wa yara su kira Allah Uba, alhali uban da suka sani abin gudu ne. To ta yaya za su kai masa kukansu?

Na zaunar da yaron a tsakar gida ina wanke ciwon da ruwan gishiri kafin mu tafi asibiti. Jikinsa na rawa, amma ko uffan. Baba yana kan tabarma, idonsa ya tafi, kunnensa dai garau. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce mini, "Rifkatu, ba ya jin zafi ne?"

"Yana ji, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ku ce masa ya yi kuka. Ba mai taɓa shi."

Gonar Ishaku an raba, ɗakinsa ya rushe. Abin da ya rage nasa shi ne wannan shirun, kuma mu muka raine shi. Iliya ya dubi kakansa, ya dubi Markus da ke tsaye a gefe, ya dube ni, yana neman wanda zai yarda da shi a cikinmu. Har muka isa asibiti bai yi kukan ba.