Kande da Rumfar Bakin Tafki

Kande ƴar garin Safo ce, aure ya kawo ta Madarumfa. Mijinta Tanko yana gyara wa masu lambu injin ban-ruwa, ita kuma tana suyar kifi. In aiki ya yi masa yawa, ita ke riƙe masa ƙarfe, ita ke wanke kayan inji, har ta kai in inji ya yi tari takan gane ciwonsa.

Da Allah ya yi wa Tanko rasuwa, dangi suka ce a sayar da kayan aikinsa. Kande ta ce a dakata. Tana fita takaba ta share rumfar aikinsa da ke bakin tafki, ta rataye guduma da zarto da sauran ƙarafa, ta ce duk mai gyara ya zo ya yi, sharaɗi ɗaya: abin da ka iya ka koya wa na kusa da kai.

Da farko dariya aka yi mata. Sannu a hankali masu lambu suka fara zuwa, sai tela da kekensa, sai mata masu ƙera murhu mai cin itace kaɗan. Wani ya kawo faifan hasken rana, rumfa ta samu wuta.

Wata rana Abdoul Aziz, malamin kimiyya a lekol, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe da Faransanci, ya shigo da bututun roba da gilasai a aljihu.

"Inna, madubin kallon taurari nika son haɗawa, ga shi ban iya riƙe zarto ba."

"Zarto ba wuya, ɗana," in ji Kande. "Amma ka san ƙa'idar wurin ga. Kai mi za ka koya muna?"

Ran Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, rumfa ta cika har waje. Mushe ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya nuna hotuna. Ya ce taurari ba a warwatse suke ba, gari-gari suke, kowane gari da taurarin da ba su ƙirguwa, kuma ranarmu ɗaya ce a cikin wani gari. Can farko babu tauraro ko ɗaya, sai iska mai zafi. Da ta huce ta riƙa dunƙulewa, dunƙulen suka kama wuta, ƙananan garuruwa suka yi ta haɗewa suna girma.

Ya nuna wani jan ɗigo. "Wannan wani garin taurari ne, haskensa ya daɗe ƙwarai a hanya. Yadda yake yana jariri muke ganinsa."

Maman, wani dattijo masunci, ya gyara zama. "Mushe, wanga zance bai taɓa imani ba?"

"Baba, aikin Mai Sama muke kallo, ba mu ce mu muka yi ba."

Maman ya jinjina kai, bai ce ya yarda ba, amma wata Juma'ar shi ya riga kowa zuwa.

Kande kuwa zancen ya zauna mata a rai. Tana juya kifi a mai tana tunanin jan ɗigon nan, tana mamakin yadda ta yi furfura ba wanda ya taɓa gaya mata.

Madubin farko bai yi ba, komai dishi-dishi. Na biyu iska ta kayar da shi, gilashi ya tsage. Kande ta ƙera wa na uku ƙafafu da tsohon bututun inji. Bayan magariba aka saita shi, ta sa ido, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ashe wata duk ramu ne!" ta ce, tana dariya tana share ido.

Mushe ya gaya mata gaskiya, wannan madubi ba zai kai ga jan ɗigon nan ba. Ta ce ba komai, a fara da na kusa.

Yanzu matan garin Gabi sun aiko suna son a kai musu madubin da jawabin. Kande ta sa ana ɗinka masa jaka mai kauri, saboda a kurar jaki, wato amalanke, za a kai shi, kuma akwai jijjiga.