Motar da Ta Zo da Garma

Motar ta iso tashar jiragen ruwan Abidjan ne cikin wasu motocin hannu da yayana ya sa aka kawo masa daga Kanada. Sana'arsa ke nan tun da ya baro Kano, ni kuma ina yi masa tuƙi. Sauran ƙanana ne, nan da nan suka samu masu saye. Ita ce ta rage: a-kori-kura, wadda a Abidjan ake ce wa bashe, amma irin manyan nan masu taya shida, sai ka kama ƙofa ka ja jikinka kafin ka hau. A gabanta an ɗaura wani faffaɗan ƙarfe mai lanƙwasa, ruwan ɗorawa, ya fi motar faɗi.

Yaya ya ce wataƙila na gyaran hanya ne. Wani ma'aikacin jirgi da ke shan shayi a gefe ya ce a'a, garma ce ta ture dusar ƙanƙara, don a ƙasar da motar ta fito, idan sanyi ya sauka, sai an share hanya kafin mutum ya fita daga gidansa. Muna tsaye zufa ta jiƙa mana riguna. Yaya ya dubi garmar ya ce, "To mu a nan me za mu ture?"

Wanda ya sa a kawo ta, wani mai gonar koko, ya zo ya zagaya ta, ya tambayi yadda take shan mai, ya tafi bai sake dawowa ba. Haka ta zama tamu. Yaya ya miƙo mini makulli ya ce in nema mata aiki.

Na samu dakon albasa da doya daga Kasuwar Guro ta Adjamé zuwa wurin masu sari a Treichville. Kaya kam tana ɗauka, ko nishi ba ta yi. Amma ban taɓa ganin abin da ke shan gazuwal, wato man dizal, kamarta ba. Idan cunkoso ya riƙe mu a kan gada, idona ba ya kan hanya, yana kan allurar mai, ina kallonta tana sauka a hankali alhali ba mu motsa ba. Na koyi kashe inji a gangara. Na cire kujerar baya. Muka taru mu da maƙwabta muka kwance garmar, muka ja ta zuwa tsakar gidanmu a unguwar Biafra ta Treichville, mata suka mai da ita wurin shanya barkono. Duk da haka abin da na rage bai taka kara ya karya ba. Ga na'urar ɗumama ciki da ta maƙale, ba ta kashewa, tana hura mini zafi a ƙafa tun safe har la'asar. Idan na dawo gida, matata takan ajiye mini bokitin ruwa in tsoma ƙafafuna kafin in iya cin abinci.

Na sha ce wa Yaya mu rabu da ita. Sai ya ce, "Wa zai saya? Ka ƙara haƙuri." Na yi ta ƙara haƙurin har damina uku.

A damina ta ukun aka kwana biyu ana ruwa. Kwatoci suka cika suka amayo, laka da shara suka toshe layinmu har gaban masallaci, ko mai kura ba ya iya wucewa. Bayan sallar asuba liman ya riƙe hannuna a ƙofa.

"Malam, wannan ƙarfen na gidanku, ba na ture abu ba ne?"

"Na ƙanƙara ne, Allah gafarta Malam."

"To a gwada shi da laka mana. Tsofaffi ba sa iya zuwa salla."

Ban iya ce masa a'a ba. Mata suka kwashe barkononsu, maza suka ɗauko garmar muka mayar. Da na sauke ta ƙasa na taka mai, lakar ta naɗe a gabana ta tafi kamar ana naɗe tabarma. Mutane suka fito ƙofofinsu suna kallo. Yaya yana tsaye kan dakali da lema, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin motar ta sauka. Ni ma na ji daɗi. Na share daga bakin titi har masallaci, na juyo in ƙarasa ɗaya ɓangaren.

A nan garmar ta kama murfin kwata na siminti da laka ta rufe. Na ji wata ƙara daga ƙarƙashina, gaban motar ya durƙusa. Da makaniki ya zo ya shiga ƙasanta, ya fito da ɓarɓashin tsatsa a tafin hannu. Ya ce ƙashin motar ya daɗe da ruɓewa, wai gishirin da mutanen Kanada suke zuba wa titunansu lokacin sanyi ne ya cinye shi tun kafin ta hau jirgi. Ya ce ko an yi walda ba za ta sake ɗaukar kaya ba.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya ce wa liman ai hanya ta buɗe, alhamdu lillahi, ya shige gida.

Motar ta yi watanni a bakin layi. Daga baya mai gonar kokon nan ya aiko aka cire injin, wai zai ja masa famfon ban ruwa. Maƙeran Adjamé suka sayi garmar suka yanka ta suka yi murhunan gawayi. Abin da ya rage kuma masu gwangwan suka kwashe.

Yaya bai sake odar babbar mota ba, ba a daɗe ba ma ya koma Kano da zama. Ni na samu aikin tuƙi a wani kamfanin sabulu a ƙetaren ruwan da ya ratsa birnin. Kullum da safe sai in taka zuwa tashar kwalekwalen Treichville in shiga jirgin fasinja, in zauna kusa da taga. Sau da yawa barci ke ɗauke ni kafin mu kai tsakiya, sai mai karɓar tikiti ya taɓa kafaɗata ya ce mun iso.