Tabon da na goge da toka

Ranar da kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya fara buɗe mini ɗakin da ke bayan majalisarsa, sai da na ja da baya. Ƙananan bindigogin hannu ne jere cikin kabad na gilashi, layi bisa layi. Wata uku ke nan ina tuƙa dattijon a unguwar Ain Khaled da ke Doha, daga gida zuwa masallaci zuwa asibiti, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Nan take littattafan soyayyar da na ciko akwatina da su suka motsa a kaina, na ce shi ke nan, ashe gidan wani tsohon ɗan ta'adda da ya tuba saboda mace na faɗo.

Ya dube ni ya yi dariya. Ya zaro ɗaya, ya nuna mini 'yar kwalbar gas kamar ɗan yatsa da ake sa mata, da harsashinta na dalma da bai fi ƙwayar dawa ba. Babu albarushi, babu wuta. Tsofaffi ne, wasu sun girme ni, tara su kawai yake yi.

Wadda ke hannunsa tana yoyon iska, ya rasa ta ina. Ni kuwa ɗan maƙeri ne, a gaban mahaifina na tashi yana gyara wa mafarauta bindigar toka. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa mata, irin yadda mai faci ke neman huji a taya. Kumfa ta taso a bakin wata 'yar roba da ta bushe. Muka canza ta, bindiga ta yi shiru. Kafin sati ya zagayo ya danƙa mini makullin ɗakin. Ko 'ya'yansa ba su da shi. A wuya na rataye shi, ƙarƙashin riga, don tun da na zo Doha ba a taɓa ba ni amanar da ta wuce ta sitiyari ba.

Akwai ɗaya da yake ajiyewa ita kaɗai a saman kabad. Baƙa ce, sai dai a gefenta, sama da mariƙi, akwai wani tabo ruwan ƙasa kamar rabin dabino. Duk shigowarsa sai ya ɗauke ta ya dinga murza wurin da babban yatsa, ya yi ajiyar zuciya, ya mayar. Na ce a raina, bawan Allah, dattin nan ya dame shi, ƙarfin gogewa ne babu.

A maƙerarmu ba a mayar wa mutum ƙarfensa da tsatsa, abin kunya ne. Wata Juma'a da rana 'yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa cin abinci a gidanta. Na kwashi toka daga kaskon turaren wuta, na yanko lemon tsami a kicin, na zauna. Ina gogewa ina hango yadda zai shigo ya tsaya cak, idanunsa su kawo ruwa, ya ce mini ɗana. Tabon ya tafi, amma wurin ya fi sauran haske, don haka na bi gefen duka har ya yi fari tas.

Na ɗauki hoto na tura wa abokina, wani Bazazzagi mai gadi a ɗaya daga dogayen benayen West Bay. Sai ga kiransa.

"Bakano ke nan, ko gawa aka ba ku sai kun sa mata hoda kun kai kasuwa. Shi ya ce ka goge?"

"Mamaki zan ba shi."

"To sarkin masoya, ka fara haɗa akwati. Littattafan ka bar mini, na samu na kunna gawayi."

Bayan la'asar dattijon ya shigo. Ya tsaya cak, kamar yadda na hango. Ya karɓi bindigar, yatsansa ya tafi wurin da ya saba, ya zame. Ya sake gwadawa. Ya juya ta ɗaya gefen, ko ya yi kuskure. Sai na ga ya dafa kabad ya sulale ƙasa ya zauna, mutumin da sai an kama shi yake hawa mota.

"Baba, dattin ne na cire maka," na ce.

"Yatsanta ne."

Ban gane ba. Ya ce ta matarsa ce, marigayiya. Ita ce gwanar harbin, ba shi ba. Duk lokacin sanyi idan sun fita sahara, sai ta jera gwangwanayen madara a kan yashi ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa tsiya shi da ko tanti ba zai iya samu ba. Shekara da shekaru a wuri ɗaya take ɗora yatsa, gumi da lalle suka ci fentin.

"Kayanta duk 'yan'uwanta sun raba," ya ce. "Wannan ne ba su gani ba."

Tun ina saurayi nake bin irin wannan labarin daga littafi zuwa littafi, ga shi an sa mini shi a tafin hannu, na bi shi da toka da lemo. Har lokacin yatsuna suna ƙamshin turaren wuta. Na durƙusa, na fara cewa ko a sami fenti. Ya ɗaga hannu.

"Khalas," ya ce, wato ya isa.

Sannan ya buɗe tafinsa, bai dube ni ba. Na ciro igiyar daga wuyana na ɗora masa makullin.

Bai kore ni ba. Shekara biyu na ƙara ina tuƙa shi. In wata ta fara yoyo, shi yake fito da ita a kan faranti, ya zauna kusa da ni har in canza robar, ya karɓe abarsa ya koma ya kulle. Ɗakin ban sake taka shi ba, waccan bindigar ma ban sake ganinta ba. Amma a hanyar masallaci, in na ɗaga ido ga madubi, nakan ga babban yatsansa yana murza kan sandarsa, a hankali, wuri ɗaya.