Kwabban da ke Riƙe da Rufina

Jama'ar gida, ku matso ku ji abin da ilimi ya yi wa ɗakina yau!

Gab da azahar sai ga Malam Sanusi, mijin jikata, daga Gusau. Ashe tsofaffin kuɗi yake tarawa, wai za su baje su a taro mutane su kalla. Ya ce, "Inna, ko kina da kwabo mai huji?"

Na ce, "Suna bisa. Da su marigayi maigidana ya danne ƙusoshin kwanon rufi, shekara da shekaru ko ɗigo babu."

Na shiga alwala. Ina fitowa sai ga babban mutum a kan rufi, ya naɗe riga, yana ɓamɓarar ƙusa! Wai, "Inna, tarihi ne!"

Na ce, "Tarihin ne ke tare mini ruwa, Malam!"

Kafin la'asar hadari ya taso daga Kwatarkwashi. Kwano biyu suka tashi, sai garken awakin maƙwabta!

Na aika aka kira kafinta. Na karɓe jakar Malam na zazzage, muka tsince masu huji duka, nasa da namu. Yana "Inna, wannan na zamanin Turawa ne!" guduma na sauka.

Mai son kallo ya zo nan Bungudu da tsani.