Ranar da na buɗe ƙamus a zauren Baba

Mahaifina tela ne a Sabon Garin Minna, amma da an yi la'asar sai ya rufe keken ɗinki ya shimfiɗa buzu a zaure. Ɗalibansa duk magidanta ne: wani Banufe mai sayar da atamfa, wani Bafulatani da ke biyo motar Paiko musamman don karatun, da wasu dattawa uku na unguwa. Ɗalibi ya ja baƙi, Baba ya fassara kalma bayan kalma.

Abin da ke kawo su, a ganina, shi ne inda Baba ke tsayawa. In aka zo kan kalma mai faɗi sai ya ajiye littafin ya ɗaga yatsu. Na fi tuna "ainu". Ido, in ji shi. Marmaro, irin wanda ke ɓuɓɓugowa a gefen kogin Chanchaga. Ɗan leƙen asirin mayaƙa. Zinariya. Ainihin abu. Kowace ma'ana da labarinta, har shayi ya huce ba wanda ya kurɓa. Ina yaro na ɗauka Larabci gaba ɗaya a yatsun nan yake.

Sai na tafi jami'a na karanci Larabci. Na dawo Minna a shekarun da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, da ƙaton ƙamus da kuma kai mai girman ƙamus ɗin.

Wata Laraba kalmar "ainu" ta sake zuwa. Baba ya lissafa biyar ɗinsa, ya miƙa hannu zai ɗauki littafi. Ni kuwa, uban iyawa, na buɗe ƙamus a kan cinyata.

"Baba, ai sun fi haka. Akwai ƙwayar rana, akwai babban mutum a gari, akwai kambun baka."

A ajin jami'a da an yaba mini. A zaure ba a buɗe wani littafi a kan maganar malami, ko da kai ke da gaskiya. Ka bari sai an watse, ka same shi shi kaɗai. Na san haka sarai, a nan na girma. Bafulatanin ya sunkuyar da kai yana jan zaren tabarma.

Baba ya ce, "Haka ne. Allah ya ƙara sani." Aka ci gaba da karatu.

Bai yi mini faɗa ba, ko a cikin gida. Amma daga ranar, duk sa'ad da ya ba da ma'ana, sai in ga idanun ɗaliban sun ɗan zame zuwa inda nake, kamar masu jiran sa hannu. Shi ma ya gani. Na daina shiga da ƙamus, daga baya na koma zama a bakin ƙofa. Duk a banza. Baba ya riƙa faɗin ma'ana ɗaya, wadda layin ke bukata, ya wuce. Karatun da kan kai magariba ya zama na rabin awa.

Kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri. Kunya ta hana, da ɗan girman kai, ba zan ɓoye ba.

Bayan wasu watanni aka zo kan wata kalma mai faɗi. Banufen ya gyara zama, da murnarsa.

"Allah gafarta Malam, wannan guda nawa ne shi?"

Baba ya dubi hannunsa da ke kan gwiwa. Yatsun suka ɗan motsa, sannan ya dunƙule su.

"Na san kaɗan," in ji shi a hankali, ba fushi ko kaɗan a muryar. "Amma kada in rage muku. Ku tambayi yaron."