Wuƙar da Ban Yarda Ta Taɓa Jini Ba

Wata Laraba ce da kaka, shekarar da na shiga aji uku, wanda kuma daga shi ne ni da boko muka sallami juna cikin mutunci. Kawu Sani, ƙanen Inna mai tuƙin babbar mota zuwa Kudu, ya sauka ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, ya kira ni gindin rumbu, ya sa mini wani abu mai sanyi a tafin hannu. Wuƙa ce 'yar ƙarama mai naɗewa, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ƙotarta ta ƙaho da ƙusoshin jan ƙarfe uku. Idan ka buɗe ta sai ta ce ƙas, kamar alƙali ya yanke hukunci, kuma kana ganin haƙoranka a jikinta. Kawu ya ce, "Irin ta manyan Turawa ce, ka riƙe ta da daraja."

Na kuwa riƙe ta da daraja har na wuce gona da iri. Na naɗe ta a tsumma, ina goge ta safe da yamma, alhali ni kaina sai Inna ta yi da gaske nake wanka. A makaranta yara kan yi layi su gani, ban da taɓawa. Rake da haƙori nake ɓare shi, igiyar tumaki da dutse nake tsinka ta, wuƙa tana aljihu tana hutawa.

Ran wata Juma'a maza duk sun tafi masallaci a gari, akuyar Inna ta kwance ta ci gyauron dawa a bayan gida. Ita kaɗai gare ta, kuma da ita take sa ran yi wa yayata kayan ɗaki. Kafin a ankara cikinta ya kumbura, ta faɗi tana shure-shure. A wajenmu mace ba ta yanka, dabba kuma in ta cika ba a sa mata wuƙa ba ta zama mushe, ko fatar ba mai saye. Inna ta danne ta tana kira, "Mamman, taho maza, kai ɗai an namiji gidan ga!" Na tsaya, hannuna a aljihu, ina jin sanyin ƙahon nan. Sai na ce bari in aro wuƙa a maƙwabta, na ruga.

Ko da na dawo, akuya ta miƙe ƙafafu. Inna ta dube ni ta ce, "Ina taka?" Na ce, "Sabuwa ce, Inna." Ba ta buge ni ba, da ma ta buga. Ta ɗaura wa akuyar igiya a ƙafa, ta miƙo mini, ni na ja ta har bayan gari ungulaye suna bina.

Yau jikokina masu aikin zinariya wajen Anka kowa da irin wuƙar nan a maƙale da makullin babur, suna sakace da ita, suna kankare laka daga takalmi. Nakan yi musu faɗan rashin sanin darajar kaya, su yi dariya, ni ma in taya su. Tawa tana nan cikin adaka, ko tsatsa ba ta yi ba. Inna kuwa ta daɗe a ƙasa, kuma har ta tafi ban saya mata akuya ba.