Direba, Wa Zai Ba Ni Satar Amsa?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, sha huɗu ga wata, uwargidanka ta kira ni ta ce ka cika da asuba. 

A asibitin ƙwaƙwalwa muka haɗu, ɗakin nan mai kujeru takwas da fanka mai ƙara. Litinin, Laraba, Juma'a, daga takwas zuwa azahar, sannan kowa ya koma gida. Ciwonmu ɗaya, begen jiya ya hana mu zaman yau. Ni ofishin da na yi shekara talatin ina buga takardu aka rufe. Kai kuma masaƙar da kake tuƙa motar ma'aikatanta.

Dokar likita ce kowa ya faɗi sabon abu ɗaya da ya gani a hanya. Ni da nake tafe kai a sunkuye, me zan gani? Sai ka matso ka raɗa mini: "Akawu, ka ce an yi wa shagon kwana fenti." Gobe ka ce an sare bishiyar tasha. Wata biyar kana ba ni satar amsa, likita tana yaba mini, kana murmushi ƙasa-ƙasa. Har na fara ɗaga kai don in riga ka gani.

Na ɗauka ka warke, ashe ba haka ba ne. A wurin gaisuwa uwargidanka ta ce, "Har ranar Juma'a sai da ya sa rigar aikinsa da asuba, ya zauna bakin gado yana jiran lokacin fita." Ashe abin da kake nuna mini a matsayin sabo, kai lissafin abin da aka raba ka da shi kake yi.

Wallahi ina tsoro, Direba. Ga ka ka koma cikin jiyan da ake son in fita.

Litinin na je ni kaɗai. Da layi ya zo kaina, na ce na ga kujerarka babu kowa. Likita ta rubuta. Wannan karon ba wanda ya raɗa mini.

Allah Ya gafarta maka, Ya hutar da zuciyarka a gidan da ba a rufewa. Uwargida da yara, Allah Ya ba ku haƙuri.